Dillalin intanet, ina kake kai lambobinmu?

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma halal ce. A Kantin Kwari ko karar Wudil, mai saye ya san dillali yana da la'adarsa, mai sayarwa ma ya sani. Dillancin da matasanmu suka runguma a intanet shi ma haka yake a asali: ka tallata hajar wani, duk wanda ya saya ta hannunka, kamfani ya yanka maka kasonka. Amazon ya buɗe wannan tsari tun 1996, a nan gida kuma Jumia da Konga sun bi sahu. Sai dai dillalin kasuwa ba ya komawa gida da sunanka da lambar wayarka da jerin kayan da ka taya. Na intanet kuwa da su yake kwana.

Ga yadda abin ke gudana. Linkin da ya turo maka yana ɗauke da alamarsa a wutsiya. Da ka latsa, sai a ajiye wani ɗan fayil da ake kira kukis a wayarka, mai shaida cewa ta hannun wane ka shigo. A tsarin Amazon, abin da ka jefa a kwando cikin awa 24 da latsawar, a lissafinsa yake shiga. Kafin nan ma ya riga ya ce maka, "Turo sunanka da lambarka in saka ka a rukuninmu na WhatsApp," ko ya sa ka cike fom don ka karɓi littafi kyauta. In kuma ya dasa manhajar ƙididdiga ta Google ko ta Facebook a shafinsa, su ma sun ga shigarka da fitarka. Hannu uku ko huɗu ke nan bayananka suka shiga, kai kuwa takalmi kawai ka zo dubawa.

Takardar ƙa'idojin tsare sirri ita ce inda ake gaya wa mutum duk wannan kafin ya miƙa komai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin waɗanda nake gani kwafo su aka yi. Za ka tarar da matashi a Zariya yana tallar turare ga matan Arewa, amma takardarsa tana bayani kan haƙƙin mazauna Kaliforniya, ga sunan wani kamfani can a tsakiya an manta ba a goge ba. A wurina wannan ya fi rashin takardar muni, domin alƙawari ne aka ɗauka ba a karanta ba. Takarda ta ce ba a ba kowa bayananka, alhali jiya-jiya aka yi musayar ɗaruruwan lambobi da abokin sana'a, gobe matar aure ta wayi gari baƙin maza na yi mata sallama a waya.

Masu cewa doka ba ta kai kan ƙananan dillalai ba su sake dubawa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a da ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum ikon tambayar abin da aka tara a kansa, ya sa a gyara, ya sa a goge, ya janye amincewarsa. Ko ƙaramin mai tara bayanai ana iya cin sa tarar da ta kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. A 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8.

Rubuta takardar ba sai da digiri ba. Ka zauna ka lissafa abin da kake karɓa da gaske, da dalilin karɓarsa, da kamfanonin da ke gani, da sunayensu, da tsawon lokacin da za ka riƙe shi. Ka faɗa ƙarara cewa kana samun la'ada in an saya, kuma ka rubuta hakan kusa da linkin, ba a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa ba. Amazon ma ya wajabta wa dillalansa wannan furucin. In akwai waɗanda ba su kai shekara 18 ba cikin mabiyanka, doka na neman yardar iyayensu.

Sannan, don Allah, ka rubuta ta da Hausa. Wanda ya iya shawo kan mace ta sayi turare da harshenta, ya iya gaya mata da harshen nan inda lambarta za ta. Ka bar hanyar da za a same ka, kuma ranar da ta ce a cire ta, ka cire ta daga rukunin, ka goge ta daga wayarka da kuma fayil ɗin da ka adana.