Wayar da ba ta ɓarnar wuta: me ya sa ba ta kusa isowa Dapoya ba?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Wagadugu ke haura digiri 40, ɗaukewar wutar lantarki ta zama abin da teloli, masu walda da masu sayar da ƙanƙara a Dapoya suka saba da shi. Saboda haka duk labarin da ya ɓulla na wayar da ke ɗaukar wuta ba tare da asarar komai a hanya ba, yakan samu kunnen saurare. An ga haka a Yulin 2023, sa'ad da wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sinadarinsu mai suna LK-99 na yin wannan aiki ba tare da sanyayawa ba. Cikin 'yan makonni gwaje-gwajen wasu ƙasashe suka ƙaryata su.

Sai dai ainihin abin gaskiya ne. A 1986, Georg Bednorz da Alex Müller na cibiyar IBM a Zurich suka gano wani tangaran mai ɗauke da jan ƙarfe da iskar oksijin, wanda idan an sanyaya shi sosai, wuta ke ratsa shi babu turjiya. Shekara guda bayan nan suka karɓi kyautar Nobel. Abin mamakin shi ne, asalin tangaran ɗin ko wuta ba ya ɗauka. Sai an sauya ɗan kaɗan daga sinadaransa, ko an ƙara masa oksijin, sannan ya rikiɗe. Idan aka zarce ƙima kuma, baiwar ta gudu, kamar gishiri a miya. Kusan shekara 40 ke nan masana kimiyya ba su daidaita kan dalilin hakan ba.

Matsalar ita ce sanyi. Nau'in da aka gano a 1987 sai ya kai kusan digiri 181 ƙasa da sifili yake aiki, don haka ake jiƙa shi da ruwan naitirojin. Injin da ke samar da wannan sanyi kuwa, shi ma wuta yake ci dare da rana. Ko a Jamus, wayar da aka shimfiɗa a birnin Essen a 2014 tsawon kilomita ɗaya ce kacal.

Ciwon kamfanin SONABEL ma a wani wuri yake: wutar ce ba ta isa. Burkina Faso na sayo kaso mai yawa daga Kodebuwa da Ghana, ta haɗa da injinan mai da tashar hasken rana ta Zagtouli, mai megawat 33, da aka buɗe a Nuwamban 2017. Waya komai ingancinta ba ta haifar da wutar da ba a samar ba. Mai walda a Dapoya ya fi buƙatar ƙarin tashoshi da batura masu adana wutar rana har bayan magariba, da kuma sauya tsofaffin taransifoma na unguwa da ke gazawa idan kowa ya kunna fanka.