Kada mu bar ruwan indararo ya tafi banza

Ƴan uwa manoma na Agye, Gazawa da Gidan Runji, maza da mata,

Kowace damana ruwa na zuba daga indararo, ya ci gindin katanga, ya bi hanya, ya tafi gulbi. Washegari kuma mata su ɗauki guga su nufi rijiya. A ganina wannan asara ce, kuma maganinta yana hannunmu.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku ɗauki alli mu yi lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, lita 1 ne. Ɗaki mai rufin kwano, mita 5 tsawo, mita 4 faɗi, in an yi ruwa milimita 20, yana zubo da lita 400. Tano 2 ke nan a dare guda. In damana ta ba da milimita 500, ɗakin nan ya zubar da tano 50.

Wani zai ce: wa ke neman ruwa da damana? Ku tambayi mata. Lokacin ne suke noman gandu da gamana, su kai abinci gona, su koma jan ruwa. Tano cike a tsakar gida ya isa wanki da wanka da shayar da awaki. In ruwa ya ɗauke kwana 10 ko 15, da shi za a ceci zogale, kuɓewa, yakuwa da dashen itatuwa na bayan ɗaki.

Tano 2 ba su fid da gida rani, gaskiya ne. Amma kowane guga da aka tara, an rage wa mace tafiya.

Sai dai a kiyaye. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye. A tace da tsumma mai tsabta. A rufe tano ko randa ruf, don sauro na haihuwa cikin ruwa buɗe, yaro ƙarami kuma yana iya faɗawa. Tanon da aka zuba maganin ƙwari ciki, kada a yi aiki da shi ko an wanke. Wanda za a sha a tafasa shi. Ruwan rufin ƙasa ko na ciyawa a ba shuka.

Maigida, tun kafin hadari ya haɗu ka gyara indararo, ka tanadi tano da murfi. Allah ya ba mu damana mai albarka.

Malamin gona