Shiru Ba Ya Maganin Zullumin Ofis

Galibin ma'aikata ba sa tuna Hukumar Udoji ta 1974 sai don ƙarin albashi. Alhali cikin shawarwarinta akwai wadda ta fi kuɗi daraja: a daina rubuta rahoton shekara a asirce, a nuna wa ma'aikaci abin da shugabansa ya ce game da shi.

Ba yawan aiki kaɗai ke karya mutum ba, har da zaman zullumi. Akawun da fayil suka taru a gabansa, ga maigida ya ɗaure fuska bai faɗi dalili ba, barci kan ƙaurace masa, hawan jini ya sami ƙofa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa matsin aikin da ba a shawo kansa ba shi ke haifar da irin wannan gajiya mai cinye ƙarfi.

Mu kuwa mun mai da shiru ladabi. Lalle kunya ado ce, amma ba ta hana a ce, "Ranka ya daɗe, ayyukan nan biyu ba za su yiwu yau ba, wanne zan fara?" Ɗalibi ma ya tunkari malaminsa tun jarrabawa ba ta ƙarato ba. Shugabanni kuma su amsa, kada su ɗauki tambayar a matsayin tsaurin ido.