Ba Saki, Ba Aure

Duk wanda ya bi hanyar Dass daga cikin birnin Bauci da la'asar sakaliya, idan ya iso Yalwa zai ci karo da ayari biyu na mata. Ga 'yan mata ɗalibai suna fitowa daga harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, ga kuma matan aure da hijabansu, wasu da goyo, suna komawa gida daga makarantun Islamiyya na Yalwan Tudu da Yalwan Makaranta. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma a tsakiyar ayarin nan akwai wata mace da ba a gane ta a fuska, watau wadda mijinta ya yi watsi da ita, bai sake ta ba, bai kuwa riƙe ta ba. Babu ci, babu sutura, babu takarda. Wani ya tafi ci rani Ikko ya yi shiru, wani kuwa yana nan cikin gari, ya rantse sai ta tsufa a gidan ubanta.

Wannan ciwo ba na Musulmi ne kaɗai ba. Yahudawa masu riƙo da tsohuwar shari'arsu sun daɗe suna fama da shi, har suna da suna na musamman ga irin wannan mace: aguna, ma'ana wadda aka ɗaure ta kamar jirgin ruwa a gaɓa. A sani, zancen nan ba na siyasar Gabas ta Tsakiya ba ne. Zance ne na shari'o'i biyu masu kama da juna a wurare da dama, kamar raba maza da mata a wurin ibada, da suturar matar aure, da hukuncin haila, amma da aka zo kan rabuwar aure sai kowace ta kama hanyarta.

A shari'ar Yahudawa aure ba ya mutuwa sai miji ya miƙa wa matarsa takardar saki da suke kira get, da yardarsa. Kotun malamansu tana iya yi masa umurni, tana iya matsa masa, amma ba ta da ikon raba auren da kanta. Idan matar ta gaji ta auri wani ba tare da takardar ba, 'ya'yan da za ta haifa za su ɗauki tabon da zai hana su aure cikin jama'arsu. Don haka miji mai taurin kai yakan mai da takardar haja, ya ce sai an biya shi kuɗi ko an bar masa 'ya'ya. A ƙasar Isra'ila, inda dokar 1953 ta danƙa aure da saki a hannun kotunan malamai, ana ɗaure irin wannan miji a kurkuku, kuma wata doka ta 1995 ta ba da damar a ƙwace masa lasin tuƙi, a hana shi fita ƙasar. Duk da haka an sami waɗanda suka gwammace shekaru a kurkuku da su sa hannu. A Amurka kuwa, ɓangaren da ke tsaka-tsaki, wanda ake kira Kwanzabatib, ya ƙara wani sharaɗi cikin takardar ɗaurin aure tun shekarun 1950, bisa shawarar malaminsu Saul Lieberman, domin a tilasta wa ma'aurata zuwa gaban kotun malamai idan zama ya ƙi.

To, a nan ne mace Musulma ta Yalwa ta fi takwararta gata, aƙalla a cikin littafi. Alƙur'ani ya hana a bar mace a rataye, a Suratun Nisa'i aya ta 129. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, wata huɗu aka ba shi, ko ya dawo ko ya saki. Akwai hul'i, wanda asalinsa matar Sabitu ɗan Ƙaisu ce, da ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki ta fita. Mazhabar Malikiyya kuma, wadda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da ita tun kafin zuwan Turawa, ta fi saura faɗaɗa wa alƙali hannu. Yana iya raba aure saboda rashin ciyarwa, yana iya rabawa saboda cutarwa, kuma idan miji ya ɓace babu labarinsa, akan yanka wa matar shekara huɗu daga lokacin da ta kai ƙara, sa'an nan ta yi takaba. Har ila yau Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da almajiran ilimi ke karantawa a zaure, ta bayyana cewa macen da ta fanshi kanta saboda cutarwar miji tana da ikon karɓar abinta, sakin kuwa yana nan daram.

Wannan hukunci na ƙarshe, mata nawa suka taɓa jin sa? Nan fa gizo ke saƙa. Sau da yawa mace takan je kotu da tabon duka a jiki, maimakon ta nemi a raba don cutarwa, sai ta buɗe baki ta ce tana son a datse igiya ko nawa ne, miji kuwa ya sami abin da yake nema. Sai ya jero sadaki da kayan lefe da kuɗin gaisuwar iyaye, har da abin da ya kashe ran suna. Iyayenta talakawa su sayar da akuya su biya, ko kuma su ce ta yi haƙuri ta koma. Jihar Bauci ta faɗaɗa aiki da Shari'a tun 2001, amma kotu ba ta bin mace gida ta karanta mata haƙƙinta.

Abin da matan Yahudawa suka yi a nan ya isa a dube shi. A 1917 wata mata mai sana'ar ɗinki mai suna Sara Shenira ta buɗe makarantar addini ta 'yan mata a birnin Karako na ƙasar Folan, a zamanin da karatun littattafai na maza ne zalla. Jikokin wannan yunƙuri ba su tsaya ga koyon addu'a ba. A farkon shekarun 1990 aka soma ba mata izinin tsayawa lauyoyi a kotunan malamai na Isra'ila bayan sun ci jarrabawar shari'ar aure, kuma yawancin ƙarfinsu kan matsalar aguna ya tafi. Ba su nemi limanci ba, babin saki suka je suka ƙware a kai.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Yakubun Bauci tuta, ya yi kakkausan suka cikin Nurul Albabi ga malaman da ke koyar da baƙi su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata, shekaru da dama kafin a haifi matar nan mai ɗinki. Izala, tun bayan kafa ta a Jos a 1978, ta buɗe wa matan aure azuzuwa, haka ma FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin Hajiya A'isha Lemu, wadda ke da reshe a Bauci. Ƙofar makaranta dai ta buɗe, ba a musu.

Sai dai a yawancin azuzuwan nan karatun fiƙihu yakan tsaya ne a Ahalari da Ishmawi, watau tsarki da salla da azumi, a ɗora da wa'azin biyayya ga miji. Risala na can gaba, kuma ko an kai gare ta, babin aure da saki da hul'i da ciyarwa yana da nisa, ɗaliba takan haihu biyu ta daina zuwa kafin a iso shi. Babu abin da zai hana shugabannin makarantun Yalwa su ciro babin nan su sa shi a shekarar farko, su kuma gayyato alƙali mai ritaya ko lauya mace ta nuna wa ɗalibai yadda ake shigar da ƙara, da irin shaidun da kotu ke karɓa. A Malikiyya ko shaidar ji daga maƙwabta, idan labarin cutarwar ya bazu a unguwa, alƙali yana iya gina hukunci a kanta.