Ayari ko Jirgin Yawo?

Wanda ya tashi a Birnin Gwari ba ya bukatar a karantar da shi amfanin ayari. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, motocinmu kan jira a taru kafin su kama hanyar Kaduna. Haka ma magabata suka ratsa Borno da Wadai da Darfur har Sawakin, suna bin madugu.

To, maniyyacin yau ko dai ya biya kujera ta hannun hukumar alhazai ta jiha, ko ya bi jirgin yawo. Ban raina jirgin yawo ba. Ya dace da attajiri mai gaggawa wanda ya riga ya sauke farali. Amma tsohuwar da ba ta taɓa wuce Buruku ba fa? Wa zai mayar da ita tantinta a Mina? A nawa ganin, gara ta jure zaman jira a sansanin Mando, ta tashi tare da 'yan garinsu da malamin bita.

Masu sulalewa da bizar ziyara kuwa, su tuna hajjin 2024. Sama da mutum 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin hajji.