Kuɗin Turke: Hayar Wurin Ɗaure Jirgi A Landan

 

Da yawanmu mun taɓa ɗaukar jarumin labarinmu mu kai shi Dubai ko Monako, mu ɗora shi a kan farin jirgin ruwa na shaƙatawa, iska tana kaɗa masa riga, amarya tana gefe. Babu laifi a ciki. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: idan aka gama yawon, ina ake ajiye jirgin, kuma nawa ake biya? Duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan da ake kiwon doki ya san sayen dokin shi ne mai sauƙi a cikin lamarin. Bayansa akwai turke da harawa da dawa da mai kula. Jirgin ruwa ma yana da turkensa, kuma haya ake biyan turken. A kan kuɗin turken nan za mu yi magana wannan makon. Za mu bar attajiran Monako da jiragensu, mu nufi Landan, wurin mutanen da jirgin shi ne gidansu.

Sama da shekara 200 da suka wuce Turawan Ingila suka haƙa hanyoyin ruwa domin jigilar kwal da sauran kaya masu nauyi, tun kafin jirgin ƙasa ya karɓe aikin. Dawakai ne ke jan jiragen da igiya, suna bin wata 'yar hanya da ke gefen ruwan. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce Regent's Canal, wadda aka kammala a 1820. Ta ratsa arewacin Landan daga Paddington zuwa Limehouse, inda ta haɗu da kogin Thames, tafiyar kusan mil 9. Jiragen da aka fi sani a waɗannan ruwaye sirara ne, faɗinsu bai cika ƙafa 7 ba, tsawonsu kuwa yakan kai ƙafa 70, domin su iya wuce matsattsun ƙofofin ruwa da ke tsakiyar ƙasar. Yau babu kwal babu dawakai. An mayar da cikin jiragen ɗaki da falo da kicin da banɗaki.

Tun daga 2012 wata gidauniya mai suna Canal & River Trust ce ke kula da yawancin waɗannan hanyoyi, kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, bayan ta gaje su daga hukumar gwamnati ta British Waterways. Jirage kimanin 35,000 ne ke da lasisinta. A Landan, tsadar hayar gida ta sa ma'aikata da ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i suka koma kan ruwa, har jiragen da ke birnin suka kai wajen 4,000. Lissafinsu mai sauƙi ne: kuɗin tsohon jirgi bai kama ƙafar kuɗin gida a birnin ba. Sai dai bayan mutum ya sayi jirgin ne yake gane cewa an gudu ba a tsira ba.

Ga yadda kuɗin yake. Da farko akwai lasisin shekara, wanda ake lissafa shi da tsawon jirgi da faɗinsa. Jirgi mai tsawon ƙafa 57, wanda shi ne matsakaici, lasisinsa ya ɗara fam 1,000 a shekara. Kafin a ba ka shi sai ka nuna inshora da takardar shaidar lafiyar jirgi. Wannan izinin zama a kan ruwa ne kawai, bai ba ka wurin tsayawa na dindindin ba. Wurin tsayawa haya ce daban, ita ma da tsawon jirgi ake auna ta, kowace ƙafa da kuɗinta. A matsayar jirage ta karkara, a tsakiyar Ingila, irin wannan jirgi zai ci fam 2,000 zuwa 4,000 a shekara, kuma yawancin irin waɗannan wurare na ajiya ne, ba a yarda ka tare a ciki ba. Wurin da doka ta yarda a zauna dindindin sai ƙaramar hukuma ta ba da izini, kuma mai zama zai biya harajin gida. Irinsu kaɗan ne ƙwarai, kuma a tsakiyar Landan hayar ɗaya takan haura fam 10,000 a shekara, ban da kuɗin wuta. An sha yin gwanjon wasu wuraren, wanda ya fi tayawa ya ɗauka. Wato mutum ya sayi gidansa da kuɗinsa, amma wurin da gidan zai tsaya na wani ne.

To wanda ba shi da fam 10,000 fa? Dokar British Waterways ta 1995 ta buɗe masa ƙofa. Ta ce ana iya ba mutum lasisi ko ba shi da turke, muddin tafiya yake yi da jirgin da gaske, kuma bai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, sai da uzuri. Gidauniyar ta ƙara da nata bayanin cewa tana son ganin zirga-zirgar jirgi ta kai faɗin mil 20 a cikin shekara. Wanda ta ga bai yi nisa ba takan rage masa lasisi zuwa wata shida, in abin ya ci gaba ta hana shi, daga nan kuma sai kotu da barazanar fitar da jirgin daga ruwa. Ga mai zama a ciki, wannan korar gida ce.

Mu tsaya mu dubi wannan rayuwa. Duk mako biyu sai ka kwance igiya, ka tayar da inji, ka nemi gurbi a gaba, kuma a wurare masu cunkoso sai ka ɗaura jirginka a jikin na wani. Ruwan sha sai ka kai jirgin bakin famfo ka bi layi. Kazantar banɗaki kai za ka ɗauka ka kai wurin zubarwa. Da sanyin hunturu kwal da itace da tukunyar gas duk kai za ka nemo. Wurin aikinka bai motsa ba, makarantar yaranka ba ta motsa ba, amma ƙofar gidanka ta matsa. Wannan makon tafiyar minti goma ce zuwa makaranta, bayan wata uku ta zama ta awa guda. Ga matsalar adireshi wajen banki da asibiti da wasiƙa. Akwai masu son wannan yawo don ra'ayi, amma da yawa suna yi ne don shi kaɗai aljihunsu zai ɗauka.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A ƙarshen 2023 Gidauniyar ta sanar da cewa daga watan Afrilu na 2024 duk jirgin da ba shi da turke zai biya ƙari a kan lasisinsa, a fara da kashi 5 cikin 100, ya riƙa hawa har ya kai kashi 25 cikin 100 a 2028. Ta kuma ƙara wa jirage masu faɗi nasu kason. Ƙungiyar masu zama a jirage, National Bargee Travellers Association, wadda aka kafa a 2009, ta yi fatali da matakin, ta fita zanga-zanga. Mu a nan muna ganin ƙarin da aka ɗora wa marasa turke kuskure ne, kuma za mu faɗi dalili. Amma adalci shi ne mu fara sauraron ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce.

Gidauniyar tana riƙe da kayan da suka tsufa: gadoji da ƙofofin ruwa da madatsai da aka gina tun zamanin dawakai. A watan Agusta na 2019 madatsar Toddbrook ta lalace bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe mutum kimanin 1,500 daga garin Whaley Bridge don tsoron kada ta ɓalle. Gyaran irin wannan miliyoyin fam yake ci. A watan Yuli na 2023 kuma gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa tallafin da take ba Gidauniyar zai riƙa raguwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara daga 2027. Dole kuɗi ya fito daga wani wuri. Suna kuma cewa mai yawo kullum ya fi amfani da famfo da wurin zubar da shara da ƙofofin ruwa fiye da wanda jirginsa ke ɗaure sai lokacin hutu ya fito da shi. Bugu da ƙari, matsayar jirage masu zaman kansu da yawa suna biyan Gidauniyar wani kaso don haɗewa da ruwanta, don haka mai turke yana biya ta hanya biyu. Shi ma yana da ikon tambaya: me ya sa ni zan biya dubbai, wani ya tsaya kusa da ni kyauta?

Mun ji. Amma a yi lissafi. Kashi 25 cikin 100 na lasisin da ya ɗara fam 1,000 bai wuce 'yan ɗaruruwan fam ba. Turken Landan kuwa dubbai ne. Babu wanda ƙarin fam 300 zai sa ya samo fam 10,000, kuma ko ya samo, guraben ba su isa ba. Saboda haka ƙarin ba zai rage cunkoso ba, ba zai samar da turke ko ɗaya ba. Abin da kawai zai yi shi ne ya cire kuɗi daga aljihun wanda ya fi kowa rauni a kan ruwan. Mai jirgin hutu da ke da gida a tudu, ga kuma kuɗin hayar turke, an bar shi. Wanda jirgin ne kaɗai abin da ya mallaka, shi aka ce ya ƙara.

Sannan tsayawar mai yawo ba kyauta ba ce. Yana biyanta da wahalar tashi duk kwana 14, sharaɗin da majalisar dokoki ta gindaya a 1995. Dokar ta ba da hanya biyu na samun lasisi, ba ta ce ɗaya ta halal ce ɗaya ta alfarma ba. Idan hukumar da ke karɓar hayar turke ita ce kuma ke tsawwala wa wanda bai kama turke ba, ko da niyyarta mai kyau ce, dole mutane su yi zargi. Mai rumfa da yake haya ba shi ya kamata ya yanka wa mai talla tara ba.

Akwai kuma wanda ba a ambata a lissafin. Hanyar nan da dawakai suka bi a da, yanzu miliyoyin mutane ne ke binta a ƙafa da keke, suna motsa jiki, suna zuwa aiki, kuma ba a karɓar ko sisi a hannunsu. Gidajen da ke kallon ruwan darajarsu ta ƙaru saboda shi. Garuruwan da ke ƙarƙashin madatsai lafiyarsu ta dogara da gyaran madatsan. Abin da kowa ke amfana da shi, daga harajin kowa ya kamata a riƙe shi. Idan gwamnati ta janye hannu, sai nauyin ya gangaro kan jirage 35,000, a cikinsu ma ya zaɓi waɗanda ba su da murya. Kuskuren daga sama ya faro, Gidauniyar kuma ta sauke shi a kan na ƙasa.

Ba mu ce kada kowa ya biya ba. Ƙarin da aka yi wa jirage masu faɗi muna ganin yana da ma'ana, domin wanda ya cinye wurin mutum biyu ya biya fiye da na mutum ɗaya. Idan kuma dole a ƙara kuɗin lasisi, a raba shi a kan kowa gwargwadon girman jirginsa. Babban magani dai shi ne a yawaita turke mai araha: zoben ƙarfe na ɗaure igiya, famfo kusa, wurin zubar da shara, shi ke nan. Ba kowa ke neman ƙofa mai lambar sirri da ɗakin wanki ba. Wannan yana hannun ƙananan hukumomi, waɗanda su ke ba da izinin zama, su kuma za su ɗauki nauyin mutumin idan ya rasa jirginsa ya zo neman matsuguni. Turken ya fi musu sauƙi.

Abin da ya ja mu ga wannan batu, 'yan uwa, shi ne mun san irinsa ko ba mu taɓa hawa jirgi ba. Mun san magidancin da ya bar cikin gari ya koma bayan gari don hayar shekara ta fi ƙarfinsa, sai kuɗin mota ya cinye abin da ya rage. Mun san mai tebur da ake tasa daga bakin titi, alhali rumfar kasuwa ta fi ƙarfin jarinsa. Talaka a ko'ina yakan iya mallakar abin, wurin ajiye shi ne ke gagararsa. Idan wani cikinmu zai kai labarinsa Landan, ga wata Landan da ba mu cika leƙawa ba: uwa tana kwance igiya da asuba cikin sanyi, tana lissafin tashar bas ɗin da ta fi kusa da inda za su kwana yau, don kada yarinyarta ta makara.

Mun faɗi namu ra'ayin, kuma mun san akwai waɗanda za su tsaya wa mai turke, cewa shi ma guminsa yake biya. Muna son jin hujjarsu. A ajiye mana a ƙasa, cikin mutunta juna kamar yadda muka saba.