Mako Huɗu a Ingila: Me Ɗalibar Sin Take Komawa da Shi Gida?

A kowace shekara, da zarar jami'o'in ƙasar Sin sun rufe don babban hutu a watan Yuli, ɗalibai masu yawa kan ɗaure kaya su nufi Ingila ko Amurka ko Kanada domin gajeren karatu na ƴan makonni. Iyaye su biya kuɗin jirgi da na masauki da na karatu, ɗalibi ya dawo da takardar shaida da tarin hotuna. Masu suka suna kiran abin yawon buɗe ido da aka naɗa wa rawanin ilimi. Masu tallarsa kuwa suna alkawarin cewa bakin yaro zai buɗe cikin wata guda. Duka ɓangarorin biyu sun ɗauki mudun da bai dace ba, kuma kuskurensu ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe kai tsaye, domin gardamar tasu a kan ma'anar sanin harshe take.

A ɗauki misalin ɗaliba Basiniya ƴar shekara ta biyu a jami'a, irin wadda ake samu a kowane ayari, da ta sauka a wani birni na arewacin Ingila don karatun mako huɗu. Ba sabuwar shiga ba ce a Ingilishi. Tun shekarar 2001 hukumomin ilimi na Sin suka sa a riƙa fara koyar da shi daga aji uku na firamare, ke nan ta shafe fiye da shekara goma tana karatunsa. Ta ci shi a gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, wadda nauyinta a can ya fi na bakaloreya a Nijar. A nahawu tana iya kayar da ɗan ƙasa. Amma Sinawa da kansu suna da sunan zolaya ga irin wannan ilimi: Ingilishin bebe, wato wanda ake karantawa a rubuta, ba a iya furtawa.

Kunne ne yake fara kasa ta, tun kafin baki. Direban bas ya yi mata magana, ta ji kamar wani harshe dabam. Wasalin da ta saba ji a faifan aji cikin kalmar “bus” ya koma kusa da “u” a bakin mutanen arewa. Baƙin “t” na tsakiyar “water” ya zama hamza, irin wadda Bahaushe yake furtawa a “sa'a”. Mai kanti ya miƙa mata canji ya ce “ta”, wanda a can godiya ce. A Sinanci kuwa “ta” shi ne wakilin suna na mutum na uku, namiji ko mace duk furuci ɗaya, sai a rubutu ake bambanta su. Dalilin da ya sa ke nan take cakuɗa “he” da “she” idan magana ta yi sauri, abin da Bahaushe mai “ya” da “ta” ba ya cika yi. Nata furucin ma yana da tasa matsalar. Gaɓar daidaitaccen Sinanci ba ta ƙarewa da cunkoson baƙaƙe, don haka ƙarshen kalma kamar “asked” yakan zube, ko a soka masa wasali.

Duk wannan ƙaramin al'amari ne idan aka gwada shi da abin da ke biyo baya. Matar gidan da aka sauke ta ta ce za a yi “tea” da ƙarfe shida. Ɗaliba ta cika cikinta a waje, tana zaton shayi ne, ta dawo ta tarar da abincin dare a kan tebur, domin haka ake kiransa a gidaje da yawa na arewacin Ingila. Wata rana aka yi mata tayin ƙari, ta ce a'a sau ɗaya kamar yadda tarbiyyarta ta koya mata, tana jiran a nace. Aka ɗauke kwano. Duk wanda ya tashi cikin kara da kunya ya san ciwon wannan. A shagon kofi ta fassara jimlar da take faɗi a gida ba tare da laifi ba, ta ce “I want”, ta ga fuskar mai sayarwa ta sauya. Ana ce mata “You all right?”, sai ta shiga bayanin lafiyarta, ba ta san gaisuwa ce kawai ba, kamar yadda “ka ci abinci?” take gaisuwa a Sin.

Masana sun daɗe da sa wa wannan giɓi suna. Dell Hymes ya yi jayayya da taƙaita sanin harshe ga nahawu, ya ce mai harshe ya san kuma lokacin magana da lokacin shiru, da wa ake faɗa wa me, ta wace hanya. A 1983 Jenny Thomas ta nuna abin da ya fi ciwo: idan baƙo ya karya nahawu, ana yi masa uzurin rashin sani, idan ya karya ƙa'idar dacewar magana, halinsa ake zargi, a ce ba shi da ladabi, musamman in nahawunsa mai kyau ne. Ɗalibar da ta ci jarrabawa da kyau ita ce ta fi shiga wannan haɗari. Shekara goma na aji ba su nuna mata shi ba, mako ɗaya ya nuna mata. A nan ne masu cewa yawon buɗe ido ne suka yi kure.

Sai dai masu talla ma ba su tsira ba, kuma laifinsu ya fi girma tunda su suke karɓar kuɗi. In ana darasi na sa'a ashirin a mako, mako huɗu sa'a tamanin ke nan. Ba a gyara furucin shekara goma da sa'a tamanin. Ƙari a kan haka, yadda ake shirya yawancin tafiye-tafiyen yana kashe ɗan amfanin da ke cikinsu. Ayari ya taso tare, ya sauka a gini ɗaya, ya zauna aji ɗaya, a zuba shi cikin mota ɗaya zuwa Landan da Okusfod ranar Asabar. Watan Yuli kuma ɗaliban Ingila suna hutu, harabar jami'a babu su. Da yamma ɗaliba ta koma ɗaki ta buɗe WeChat. Tsakaninta da gida ratar sa'a bakwai ce, amma hira ba ta yankewa. Jim Coleman, wanda ya daɗe yana nazarin karatu a ƙetare, ya kwatanta hulɗar irin wannan ɗalibi da da'ira uku, wata cikin wata: ƴan ƙasarsu, sannan sauran baƙi, sannan ƴan gari. Isa ga da'ira ta uku yana cin lokaci, wanda shi ne gajeren shiri ba shi da shi. Mai yiwuwa ne ƙwarai mutum ya yi wata guda a Ingila, Ingilishin da ya yi a wajen aji bai wuce na sayen abinci ba.

Ba a raina da'ira ta biyu ba. Sau da yawa hirar da ta fi yi wa ɗalibar amfani da ɗan Italiya ko ƴar Turkiyya take yin ta, inda kowa baƙo ne, babu mai jin kunyar kuskure. A nan take gane abin da Merrill Swain ta bayyana a 1985, cewa sauraro kaɗai ba ya wadatarwa, sai an tilasta wa mutum ya haɗa jimla da kansa yake ganin ramin da ke cikin iliminsa.

Saboda haka abin da ya kamata a nema daga gajeren shiri shi ne a ɗauke shi a matsayin aikin fili. A rarraba ɗalibai gidajen mutane maimakon tara su wuri guda. A ba kowa littafi ya rubuta gaisuwa da roƙo da ban haƙuri yadda ya ji su, da wanda ya faɗa, da inda aka faɗa. A rage ziyarar fadoji, a ƙara zaman kasuwa da tashar mota. Wanda ya biya kuɗi masu yawa yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiya tun kafin ya tashi: ba zai dawo da sabon harshe ba, zai dawo da sanin inda nasa ya gaza. Kuma a tuna cewa takardar shaidar da ake maƙalawa a neman gurbin digiri na biyu ta fi nuna ƙarfin aljihun iyaye da ƙoƙarin ɗalibi. Malamin da ke tantance takardu bai kamata ya ba ta nauyin da ba ta da shi ba.

Batun bai yi nisa da nan ba. Ɗaliban Nijar da ke zuwa Akara a lokacin hutu don abin da ake kira wankan harshe suna faɗawa tarko iri ɗaya idan suka kama ɗaki tare suka ci gaba da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Akwai kuma Sinawa masu koyon Hausa: gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963, kuma ana koyar da ita a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing. Basinen da ya ƙoshi da daidaitacciyar Hausa, ranar da ya sauka Tawa ya ji “munka” a gurbin “muka”, ya ji “hwaɗi” a gurbin “faɗi”, aka jero masa gaisuwar gida da gajiya da sanyi kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, zai tsaya tsayuwar da ƴar ƙasarsu ta yi a gaban direban bas.